Taya Ba Ta Ficewa Haka Kawai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da direbobi da masu motocin da ke shiga daji, da kuma 'yan'uwana kanikawa. Ni bakanike ne, kuma yawancin shekarun da na yi a sana'ar nan na yi su ne a gindin motoci masu fowil, wato masu ja da tayoyi huɗu, irin su Land Cruiser da Hilux da Land Rover, da manyan da ke kai kaya inda kwalta ba ta kai ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nake yawan cin karo da ita a labaran haɗari: taya ta fice, mota ta ƙwace wa direba. Daga nan sai a ce tsautsayi ne, a rufe zancen. Ni ban musanta ƙaddara ba, Malam Edita. Amma na sha kwance hob ɗin da taya ta fice daga jikinsa, kuma kusan kullum abin da nake tararwa a ciki ɓarna ce da ta daɗe tana ci, wadda da an leƙa da an gan ta.

Ga wanda bai saba ba, hob shi ne ƙarfen nan na tsakiya da ake ɗaure wili a jikinsa. Yana juyawa ne a kan sandar aksul, kuma a irin motocin da nake magana a kansu boris biyu ne ke riƙe da shi, na ciki babba, na waje ƙarami, suna fuskantar juna. 'Ya'yan boris ɗin ba ƙwallaye ba ne, dogaye ne masu tsukewa ta gefe guda, suna birgima a cikin wani kofi da aka buga a jikin hob. Wani Ba'amurke mai ƙera keken doki, Henry Timken, shi ya yi rajistar irin wannan boris a 1898, kuma dalilin da ya sa har yau ba a rabu da shi ba shi ne yana ɗaukar nauyi ta fuska biyu: nauyin mota da kayanta daga sama, da kuma turin da ke zuwa daga gefe idan an sha kwana ko mota ta karkata a gangare. Bayan boris na ciki akwai oyal sil mai tsare giris, a waje kuma akwai washoshi biyu da notuna biyu. Shi ke nan kayan. Ba su da yawa, amma rayuwar duk wanda ke cikin motar a kansu take tafiya.

Bari in fara da direba, don shi ne farkon wanda mota ke kai wa ƙara. Boris in ya fara lalacewa yana gurnani, wani sauti mai ƙaruwa da gudu, wanda ba ruwansa da giyar da kake ciki ko yadda ka taka totur. Matsalar ita ce tayoyin daji masu manyan ƙaya su ma suna da nasu kukan, sai ya rufe na boris. Hanyar rarrabewa ita ce ka samu miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, ka ɗan kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali. In gurnanin ya ƙaru lokacin da ka karkata hagu, nauyi ya koma kan tayoyin dama ke nan, to galibi can ciwon yake. Kukan taya ba ya sauyawa haka. Sai kuma hannu: duk inda ka tsaya bayan doguwar tafiya, zagaya motar ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi ba ne, birki ma yana kawo shi. Abin dubawa shi ne bambanci. In uku suna da ɗumi, ɗaya kuma ba ya taɓuwa, kada ka ce bari in ƙarasa tukuna. Akwai kuma alamar da mutane ba su cika danganta ta da hob ba: ka sha kwana ko ka fito daga gargada, ka taka birki ka ji ya tafi ƙasa, ka sake takawa ya dawo daidai. Hob ne ke lilo, faifan birki yana tura fistin da ke matse birkin baya. Na ga motar da aka canza wa kayan birki kaf saboda wannan, alhali noti ne ya saki.

Gwajin da ya fi kowanne sauƙi kuwa, ka ɗaga motar da jak, ka sa mata abin tokare mai ƙarfi, don jak shi kaɗai ba abin amincewa ba ne. Ka kama taya da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka girgiza ciki da waje. In ka ji ƙwas-ƙwas, ka sa wani ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ɗin hob ne. In yana nan, to ba hob ba ne, ka duba boris ɗin kimfin ko boljoyin, wato gaɓoɓin da taya ke juyawa a kansu in an murɗa sitiyari. Motsin da ake ji idan an kama taya ta gefe da gefe kuma yawanci na tayarod ne, sandar da ke kai motsin sitiyari ga taya. Wannan duka ba ya cin minti goma.

Yanzu ga 'yan'uwana masu sufana, kuma ina roƙon su yi haƙuri da ni, don nan ne na fi ganin ɓarna. Ka tsaya a gareji ka kalli yadda ake mayar da hob. Yaro zai ɗaura noti, ya ɗauko cizal da guduma ya yi ta dukan kusurwarsa har sai ya ƙi motsi, ya miƙe yana share gumi, a ganinsa ya yi aikin kirki. Maigidansa ma haka aka koya masa. Duk notin hob da ka ga kusurwoyinsa sun cinye da sāran cizal, ka san irin hannun da ya bi ta kansa, kuma ɓarɓashin ƙarfen da cizal ya fasa ba ƙasa ya faɗa ba, cikin giris ya shiga. Shi wannan noti ba ɗaure shi ake yi ba, saita shi ake yi. In ya yi tsauri, 'ya'yan boris za su matse giris daga tsakaninsu da kofi, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, zafi ya tashi har boris ya yi shuɗi, wani lokaci ya narke ya manne da sandar aksul. In ya yi sako-sako, nauyin da ya kamata 'ya'ya da yawa su raba sai ya faɗa kan biyu ko uku, ga shi hob yana lilo yana cin leɓen oyal sil. Tsakanin waɗannan biyun fili ne ɗan ƙanƙani.

Kamfanonin da suka ƙera motocin ba su bar mu cikin duhu ba. A littafin gyaran Land Cruiser ƙirar 80, wadda ta fito a 1990, ga yadda aka tsara na gaba. A ɗaure notin ciki da sufana mai awo zuwa Nm 59 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), a juya hob dama da hagu don boris ya zauna daram a kofinsa. Sannan a sassauta notin har ya zama hannu na iya juya shi, a sake ɗaure shi da ɗan ƙarfi kaɗan, Nm 5.4 kacal. Daga nan a maƙala sikeli mai sifirin a jikin ɗaya daga cikin kusoshin taya a ja. Ƙarfin da zai sa hob ya fara juyawa ya zama tsakanin kilo 2.9 da 5.7. Sai a sa washar kulle, a kawo noti na biyu a ɗaure shi zuwa Nm 64, a sake gwadawa da sikelin, don noti na biyu yana ƙara danna na farko. Ka lura, ɗaurin farko mai ƙarfi don zaunar da boris ne kawai, ba a nan ake barinsa ba. Wasu sun ji rabin maganar, sun tsaya a nan. Soket ɗin wannan noti milimita 54 ne, na Land Rover Defender kuma 52, kuma bakaniken da ke karɓar irin waɗannan motoci bai mallake su ba, ban ga uzurinsa ba. Manyan motoci nasu tsarin daban ne: ƙa'idar da masu tireloli ke bi a Amurka tana neman a bar ɗan wasa tsakanin milimita 0.025 da 0.127, wanda ido ba ya gani, sai da agogon awo. Abin nufi, kowace mota da lambarta, a nemi littafinta.

Washar kulle kuma, waccan mai kunnuwa, sabuwa ake sawa. Kunne ɗaya a lanƙwasa shi ciki kan notin farko, ɗaya waje kan na biyu. Kunnen da aka lanƙwasa aka miƙe aka sake lanƙwasawa ya riga ya gaji, jira yake ya karye. Haka ita ma washar da ke manne da boris na waje, tana da ɗan haƙori da ke shiga cikin tsagin sandar aksul don kada ta juya. In haƙorin ya cinye, juyawar hob tana kaiwa ga noti. A gefen hagu tafiyar mota gaba kwance noti take yi, a gefen dama kuma ƙara ɗaure shi take yi. Wancan ya saki taya, wannan ya ƙone boris, ba na zaɓe a ciki.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta raba motar daji da motar gari. Motar da ba ta sauka daga kwalta tana iya shekaru da giris ɗinta na asali. Ta daji kuwa rafi ɗaya ya isa ya lalata aikin da aka yi jiya. Ga yadda abin yake. Mota ta yi tafiyar awanni, hob ya ɗau zafi, iskar da ke cikinsa ta kumbura, wata ma ta fita. Direba ya iso bakin rafi, bai tsaya ba, ya afka. Ƙarfe ya huce nan take, iskar ciki ta tsuke. Duk wanda ya taɓa zuba ruwan zafi a gorar roba, ya juye, ya rufe ta, ya ga yadda take lotsewa in ta huce, to ya ga abin da ke faruwa. Sai dai shi hob ba ya lotsewa, zuƙa yake yi. Ta ina? Ta leɓen oyal sil, da ta gasket ɗin murfi. Shi kuwa sil an yi shi ne musamman don ya hana giris fita, ƙarfinsa wajen hana ruwa shiga bai kai haka ba, balle in ya tsufa ya bushe. Shi ya sa tsofaffin direbobi suke tsayawa a bakin ruwa su sauka su taka su ga zurfinsa. Kafin su dawo, ƙarfen ya ɗan sha iska.

Ruwan da ya shiga ba a ranar yake nuna kansa ba, wannan ne mugun halinsa. Mota ta dawo gida lafiya, an ajiye ta mako guda ko biyu. Ruwan yana kwance a ƙasan hob, daidai inda 'ya'yan boris suka taɓa kofi. In ka kwance irin wannan hob ka goge kofin, za ka ga baƙaƙen layuka a jere, tazararsu daidai da tazarar 'ya'yan, kowanne ɗa ya bar hotonsa. Ka bi da farce za ka ji kaushi. Daga waɗannan layuka ne fatar ƙarfen take fara ɓantarewa, ɓarɓashin ya shiga giris, ya zama abin niƙa. Wata biyu ko uku bayan haka, a busasshiyar hanya, sai boris ya watse, direba ya rantse da Allah bai shiga ruwa ba. Gaskiya ya faɗa, ya dai manta da na watannin baya. Don haka ƙa'idata ita ce, ruwa in ya rufe tsakiyar taya, kuma mota ta jima a ciki ko ta maƙale, to a buɗe murfin hob a duba, ba sai lokacin sabis ya yi ba. Giris ɗin da ruwa ya shiga yana komawa fari-fari ko ruwan toka, ya yi ruwa-ruwa. In kuma ya yi ja-ja, tsatsa ta riga ta kama. Ba a ƙara sabo a kan irin wannan, wankewa ake yi tas. Tukunyar aksul ma haka take zuƙar ruwa ta ɗan bututun shan iskarta da ke sama. Masu shiga ruwa da yawa suna sa masa dogon tiyo su kai bakinsa can sama cikin ɗakin inji, kuma dabara ce mai kyau ƙwarai.

Laka ta fi ruwa sharri ta wata fuskar, don tana ɗauke da yashi. Tana bushewa a bayan hob, sil ya yi ta gogar ta har leɓensa ya cinye, ya kuma tona rami a jikin ƙarfen da yake zaune a kai. In wannan rami ya yi zurfin da farce zai maƙale, ko sabon sil ka sa yoyo zai yi. Ciyawa da igiya da waya su ma suna nannaɗewa a wurin su yanke sil. A wanke bayan taya bayan an fito daga taɓo, amma mai wanki kada ya saita bakin injin feshi kai tsaye kan sil, don shi ma tura ruwa yake yi ciki.

In an tashi wankin boris, da kananzir ko man dizal ake yi, ba fetur ba, saboda wuta. A shimfiɗa tsumma mai tsabta, kada a ajiye komai a ƙasa. Akwai wata ɗabi'a da yara ke so, su sa boris a yatsa su hura masa iskar kwamfiresa yana juyawa yana kuka. Busasshen boris ne ke gudun da ba a yi shi dominsa ba, yana iya tarwatsewa ya tafi da ido ko yatsa. A busar da shi, amma a riƙe shi kada ya juya. Sannan a kai shi haske a juya 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan ramuka, ɓantarewa, launin shuɗi ko ruwan ƙasa na ƙuna, kejin da ke riƙe 'ya'yan in ya lanƙwashe, kowanne daga ciki ya isa a jefar. In kuma za a canza, a canza shi da kofinsa. Na san ana barin tsohon kofi don fitar da shi akwai wahala, amma sabon boris a kan tsohon kofi ba ya daɗewa, don kofin ya riga ya ɗauki sawun wanda ya tafi. Ko waɗanda za a mayar ma, kada na hagu ya koma dama. Wajen buga sabon kofi a yi amfani da sandar tagulla, ana zagayawa kaɗan-kaɗan don kada ya shiga a karkace. In ya kai gindinsa za ka ji sautin guduma ya canza, ya yi tsit-tsit mai kauri. Sil kuwa, duk lokacin da aka cire shi ya gama aiki, a shafa wa leɓen sabon ɗan giris kafin a mayar.

Cusa giris ma aiki ne da ake yi wa ha'inci. Shafa wa boris giris ta waje ba cusawa ba ce. Ka ɗebo curi ka sa a tafin hannunka na hagu, ka riƙe boris da dama, faffaɗan bakinsa yana ƙasa, ka riƙa dangwala gefensa kana kankaro giris ɗin da ƙarfi a kan tafin, wuri ɗaya, har sai ka ga ya ɓullo ta ƙaramin bakin a sama tsakanin 'ya'yan. Sannan ka juya kaɗan ka ci gaba, har ka zagaye. A cikin hob ɗin kansa a shafe bango da kauri, amma kada a cika shi maƙil, yana bukatar wurin da zai motsa in ya yi zafi, in ba haka ba zai ture sil ya malalo kan birki. Giris mai kauri lamba 2 a ma'aunin kaurin giris da ake kira NLGI, wanda aka rubuta na boris ɗin taya ne, shi ake nema. Launinsa, ja ne ko shuɗi ko kore, rini ne kawai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a gauraya iri biyu, don sabulun da aka kaɗa su da shi ba lallai ya jitu ba. Wani in ya haɗu da wani sai su tsinke su zama ruwa. Baƙin giris mai sinadarin da ake kira moli kuma na cikin ƙoƙon gwiwar aksul ne, inda shaf ke lanƙwasawa, ba na boris ɗin taya ba. Tun da na ambaci ƙoƙon nan: in ka ga baƙin mai yana tsiyaya ta bayansa yana jiƙa cikin taya, sil ɗin cikin aksul ne ya mutu, man giya ya ratso ya narkar da giris. Ba a daɗe ba zai iso hob.

Kan sayen boris ba zan tsawaita ba. Sunaye irin su Koyo da NSK da NTN da SKF da Timken sanannu ne, kuma saboda sanuwar tasu ne masu jabu suke buga su a kwali. Kwali ba shaida ba ne. A saya wurin dilan da za a iya komawa gare shi, a kuma gwada lambar da ke jikin tsohon da ta sabon.

Akwai kuma murfin nan mai makunni da ke tsakiyar tayar gaba, wanda aka rubuta wa FREE da LOCK. Wani Ba'amurke, Arthur Warn, shi ya fito da irinsa a 1948 saboda motocin Jeep da suka rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don tayoyin gaba su huta da jan shaf in ana kan kwalta. Direbobi da yawa suna barinsa a FREE wata da watanni, ran da suka maƙale a yashi su murɗa ya ƙi. Toyota ta rubuta a littafin mai mota cewa a riƙa tafiyar aƙalla kilomita 16 kowane wata da shi a LOCK, don mai ya zagaya kayan gaba. Ba sai an sa giyar fowil ba, kulle murfin kawai ya wadatar. Sa fowil a busasshiyar kwalta ma ɓarna ce ga irin waɗannan motoci. Murfin tayoyin gaba duka biyun ake kullewa, ba ɗaya ba. In an kwance shi kuma, giris ɗan kaɗan yake so, shafawa kawai. Sifirin ne ke tura haƙoransa, in ka cika shi da giris mai kauri sifirin ba zai iya ba, haƙoran su kama rabi, ran da aka matsa masa ya gwagwiye su. Kusoshin murfin nan suna da wasu ƙananan washoshi masu tsini da ke maƙalewa. Ba da cizal ake ɓanɓaro murfin ba: ka bar noti a bakin kusa, ka ɗora tagulla ka buga, za su yi tsalle su fito.

Notunan taya su ma suna cikin lissafi, don ba kowace tayar da ta fice ce laifin boris ba. A goge fuskar hob da ta wili kafin a ɗaura, saboda busasshiyar laka in ta shiga tsakani za ta murmushe a hanya, notuna su saki. A ɗaure su a tsallake, wannan da na gabansa, ba a jere ba, kuma kada a shafa wa kusoshin mai. Yaron mota ya hau kan dogon bututu yana tsalle, wannan miƙar da kusa yake yi, kuma kusar da ta miƙe ta kusa karyewa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake bi. Jan layin tsatsa da ke fitowa daga gindin noti alama ce yana motsi. A wasu manyan motoci, musamman na Japan, kusoshin gefen hagu zarensu na hagu ne, an buga musu harafin L. Na sha ganin an karya su ana cewa sun ƙi kwancewa.

Masu sa manyan tayoyi da faifan da ke turo wili waje don mota ta yi kwarjini, su sani nauyin da aka tsara ya sauka tsakanin boris biyu sun matsar da shi waje, kan ƙaramin. Ban ce kada a yi ba, mota ta mai ita ce. Amma wanda ya yi, ya rage tazarar da ke tsakanin dubawa da dubawa. Haka mai lodin da ya wuce kima.

Sababbin motoci da yawa yanzu hob ɗinsu a rufe yake zuwa, ba a cusa masa giris, ba a saita shi, in ya yi kuka sai a canza shi ɗungurungum. Yana da sauƙi a gari. A daji kuwa ni na fi son tsohon tsari, don da boris biyu da sil da washar kulle da gwangwanin giris da soket a bayan kujera, direban da ya san hannunsa zai iya fitar da kansa daga inda babu mai taimako. Shi rufaffen ma yana da sharaɗinsa, babban notin shaf ɗin yana da awon da aka rubuta masa, kuma bindigar iska ba ta san awo ba.

Maganata ta ƙarshe ga masu motocin ce, waɗanda ba su ne ke tuƙi ba. Direba zai zo ya ce Alhaji ko Hajiya, mun shiga ruwa, ya kamata a buɗe ƙafafun nan, sai a ce masa ai mota lafiyarta ƙalau, ko a zarge shi da haɗa baki da bakanike. Aikin ƙafa huɗu yini ɗaya ne in kaya suna kusa. Ku ba shi yinin. In zuciya ba ta kwanta ba, ku je garejin da kanku ku ce a nuna muku giris ɗin da aka kwaso da kofin da aka cire, ku kuma tambayi bakaniken ina soket ɗinsa da sufanarsa mai awo. In ya ɗauko muku cizal, ku ja motarku ku kai wani wuri.

Na gode, Malam Edita, da wannan dama. Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara wa jaridarka albarka.

Wassalam,
Naka,
Wani bakaniken motocin daji